Inbata da ESP32: me ya sa haruffan da ke fitowa ba sa karantuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da inbatar sola mai soket na sadarwa da aka rubuta RS-232 a gefensa, kuma littafinta ya ce saurin sadarwarta 2400 ne, 8N1. Na jona ta kai tsaye da ESP32, ƙaramin allon kwamfuta mai Wi-Fi da ake ɗora wa shiri, domin in riƙa ganin ƙarfin batir a wayata, amma wani lokaci shiru nake gani, wani lokaci kuma tarkacen haruffa. Na gwada 2400, na gwada 9600 da 115200, duk ba su yi ba. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kafin komai ina roƙonka ka cire wayoyin nan daga ƙafafun ESP32 ɗinka, kada ka mayar da su sai ka gama karanta wannan amsa, domin haɗin da ka bayyana yana iya ƙona ƙafar da ka jona, kuma canza sauri ba zai gyara shi ba ko da ka bi duk lambobin da ke cikin jerin ɗaya bayan ɗaya. Littafin inbatarka ya riga ya gaya maka saurin, wato 2400, don haka ka bar shi a nan. Matsalarka tana cikin wutar da ke bin wayar.

Abin da yake ruɗa mutane da yawa shi ne, ƙafafun ESP32 da soket ɗin inbata duk suna aika bayanai a jere, bit bayan bit, wato 1 ko 0 ɗaya bayan ɗaya, a kan waya ɗaya, kuma tsarin jerin nasu iri ɗaya ne, amma ma'aunin wutar da kowannensu yake nufin 1 da 0 da shi ya sha bamban. A wajen ESP32, 1 yana nufin kusan 3.3V, 0 kuma yana nufin kusan 0V, kuma idan babu abin da ake aikawa wayar tana zama a sama, a kan 3.3V. Shi kuwa RS-232, wanda ƙungiyar masana'antun lantarki ta Amurka, EIA, ta fitar a 1960 domin haɗa na'urorin rubutu da modem (na'urar da ke aika bayanai ta layin tarho), ya ɗauki wutar da ke tsakanin −3V da −15V a matsayin 1, wadda ke tsakanin +3V da +15V kuma a matsayin 0, sannan abin da ya faɗa tsakanin −3V da +3V ba shi da hukunci. Ka ga ke nan bambancin biyu ne a lokaci guda: wutar ta fi ƙarfin abin da ƙafar ESP32 za ta iya ɗauka, sannan a juye take. Ƙafar ESP32 ba a yi ta don ta ga abin da ya haura 3.6V ko ya yi ƙasa da −0.3V ba, kai kuma ka ɗora mata wayar da ke zaune a wajen −5V zuwa −10V duk lokacin da inbata ta yi shiru. Idan har ƙafar tana raye, ƙananan dayod na kariya da ke cikin IC ɗin ESP32, wato ƙwayar lantarkin da ke kan allonsa, ne suke shanye wannan wuta, kuma ba don ɗaukar irin wannan nauyi dare da rana aka sa su ba.

Wannan juyewar ita ce ta bayyana abubuwa biyun da kake gani. Mai karɓa a cikin ESP32 yana jiran wayar ta kasance a sama, sannan ta faɗo ƙasa, sai ya san saƙo ya fara. Wayar inbata kuwa a ƙasa take zaune tun farko, saboda haka faɗowar da yake gani tana zuwa ne a tsakiyar harafi, ya fara ƙirga daga inda bai kamata ba, ya tara bit ɗin da suke a juye, ya miƙo maka tarkace. A ɗaya ɓangaren kuma, umarnin da ka aika yana isa wurin inbata a juye, ba ta gane shi ba, don haka ba ta amsa. Yawancin inbatoci ba sa magana sai an tambaye su, saboda haka ina kyautata zaton cewa wani ɓangare na tarkacen da kake gani ba ma maganar inbatar ba ne, hayaniyar wutar da take juyawa ce wayar haɗinka ta kwaso.

Kada ka tsaya a kan maganata, ka tabbatar da mita. Ka kunna inbata, ka bar wayar sadarwarta ba a jone da komai ba, ka sa mitarka a ma'aunin DC, ka ɗora baƙin tsinke a kan GND, wato wayar ƙasa ta 0V, ka riƙa taɓa sauran wayoyin da jan tsinke. Wayar da ta nuna maka lamba mai alamar debewa, kamar −6V ko −9V, ita ce TX ta inbata, wato bakin da take magana da shi, kuma wannan alamar kaɗai ta isa ta tabbatar maka cewa RS-232 na gaskiya ne. Wadda ta nuna kusan 0V ita ce mai yiwuwa RX, wato kunnen da take saurare da shi, domin mashigar RS-232 tana da resista na 3kΩ zuwa 7kΩ da ke janyo ta zuwa ƙasa. Idan kuma ka ga wata waya tana nuna +5V ko +12V a tsaye, to ka naɗe ta da salatif ka ajiye ta gefe, domin wasu masu ƙera inbata suna fito da wuta ta cikin soket ɗin don ciyar da na'urar Wi-Fi da suke sayarwa tare da ita. Wannan awo na minti biyu ya fi mini duk wani zane da za a turo mini, saboda soket ɗin inbatoci da yawa irin na wayar intanet ne mai ƙafa takwas, RJ45, kuma kowane kamfani da yadda yake jera ƙafafunsa. Kamannin soket ɗin kuma kada ya sa ka cusa shi a cikin rauta ko a soket ɗin intanet na kwamfuta.

Abin da kake buƙata a tsakani shi ne IC mai fassara wutar, kuma ga ESP32 wanda ya dace shi ne MAX3232. Yayansa, MAX232, wanda kamfanin Maxim ya fitar a 1987, da 5V yake aiki, kuma abin da yake fitarwa zuwa ɓangaren ƙaramar na'ura 5V ne, wanda ya dace da Arduino Uno, wani ƙaramin allo mai aiki da 5V, amma ya yi wa ESP32 yawa. MAX3232 yana aiki daga 3V zuwa 5.5V, yana amfani da ƙananan kafasita na 0.1µF wajen ƙirƙiro wa kansa wuta mai kusan +5.5V da −5.5V, kuma yana juya siginar a lokaci guda, saboda haka matsalolin nan biyu yake kashewa tare. Ka ba shi 3.3V daga ESP32 a ƙafa ta 16, GND a ƙafa ta 15. TX na ESP32 ya shiga ƙafa ta 11, abin da ya fito ta ƙafa ta 14 ya tafi RX na inbata. TX na inbata ya shiga ƙafa ta 13, abin da ya fito ta ƙafa ta 12 ya tafi RX na ESP32. Idan haɗaɗɗen ƙaramin allo ka saya a kasuwa, ka auna ƙafa ta 2 da ta 6 na IC ɗin bayan ka ba shi wuta: ta 2 ta nuna sama da +5V, ta 6 ta nuna ƙasa da −5V. Na sha cin karo da allunan da IC ɗinsu jabu ne, suna ɗaukar zafi har yatsa ba ya iya zama a kansu, kuma irin waɗannan babu abin da ya dace da su sai a canza su. Wani zai ce maka ESP32 yana da damar juya sigina ta cikin manhaja, kuma gaskiya ne yana da ita, amma wannan juyewar kawai take gyarawa, wutar −9V tana nan tana dukan ƙafar.

Maganar wace waya za ta haɗu da wace tana da tarihin da ya kamata ka sani, domin shi ne tushen ruɗanin. Ƙa'idar RS-232 ta raba na'urori gida biyu, DTE irin su kwamfuta, da DCE irin su modem, kuma an raɗa wa wayoyin suna ne daga mahangar kwamfuta. A soket mai ƙafa tara, DE-9, wanda ya yaɗu bayan kwamfutar IBM PC/AT ta 1984, kwamfuta tana magana ta ƙafa ta 3, tana saurare ta ƙafa ta 2, GND kuma yana ƙafa ta 5. Modem kuwa ta ƙafa ta 2 yake magana, ya saurara ta ƙafa ta 3, shi ya sa waya miƙaƙƙiya take haɗa su lafiya. Idan na'urori biyun duk DTE ne, sai an sarƙe 2 da 3. A tsohon soket mai ƙafa 25 kuma lamarin a juye yake, kwamfuta ta ƙafa ta 2 take magana, GND yana ta 7. Saboda haka rubutun TX da RX da ke jikin allo ba koyaushe yake gaya maka gaskiyar alkiblar ba. Wani mai ƙera allo yana nufin "nan nake magana", wani kuma yana nufin "nan za ka jona bakinka". Dokar da ba ta canzawa ita ce baki ya haɗu da kunne, kuma mita ce take nuna maka bakin. Bayan ka gama haɗi, ka auna wayoyin bayanai biyun a ɓangaren inbata: idan haɗin daidai ne, dukansu za su nuna wuta mai alamar debewa, domin kowace tana da mai magana ɗaya a kanta. Idan ɗaya ta nuna debewa ɗaya kuma ta tsaya a 0V, to ka haɗa baki da baki, kunne da kunne, sai ka sauya su.

Waya ta uku, GND, ita ce aka fi rainawa, alhali duk wutar da muke ambata da ita ake auna ta. Na taɓa kwashe yini guda a wani ƙaramin asibitin ƙauye da muka sa wa sola, inda bayanai suke shigowa tsaf idan laftof tana jone da caja, da zarar na zare cajar kuma sai haruffa su rikice. Na canza sauri, na canza manhaja, na zargi na'urar USB, sai wajen la'asar na ja kan RJ45 ɗin da muka matse da hannu, na ga wayar GND ta zame, haƙorin tagullar bai huda robarta ba. Ashe ta cikin ƙafar ƙasa ta cajar siginar take samun hanyar komawa. Tun daga ranar, kafin in taɓa kowane saiti sai na sa mita a ma'aunin da ke yin ƙara idan waya ta haɗu, na ji GND ya ratsa daga wannan kai zuwa wancan.

Sai bayan wuta da wayoyi sun daidaita ne maganar sauri take da ma'ana. A irin wannan sadarwa babu wayar agogo da ke haɗa na'urorin biyu, kowace da nata agogon take ƙirga, shi ya sa dole su yi yarjejeniya tun farko. Lambar 2400 tana nufin bit 2400 a daƙiƙa, kuma ma'aunin, bod, ya samo sunansa ne daga Émile Baudot, Bafaranshen da ya yi aiki a kan talgiraf. Kowane bit yana ɗaukar kusan maikrodaƙiƙa 417 ke nan. Shi kuma 8N1 yana nufin bit 8 na bayani, babu bit na tantancewa, sai bit 1 na tsayawa. Idan ka haɗa da bit na farawa, kowane harafi yana cin bit 10, don haka a 2400 haruffa 240 ne kacal suke wucewa a daƙiƙa, a 9600 kuma 960. Mai karɓa yana ganin faɗowar bit na farawa, ya jira bit ɗaya da rabi domin ya faɗa tsakiyar bit na farko, sannan ya riƙa leƙawa a tsakiyar kowane bit har zuwa na tsayawa, wanda tsakiyarsa take nisan bit 9.5 daga farawa. Idan agogunan biyu sun saɓa, kuskuren yana taruwa, kuma da zarar ya kai rabin bit a wannan nisa, leƙen ya faɗa cikin maƙwabci. Rabi a cikin 9.5 ya ɗan haura kashi 5 cikin ɗari, kuma wannan jimillar ɓangarorin biyu ce a kan waya mai tsabta, shi ya sa a aikace muke son kowane ɓangare ya tsaya cikin kashi 2. Arduino Uno mai agogon 16MHz yana kuskuren kashi 0.2 a 9600, amma a 115200 kuskuren ya kai kashi 2.1, kuma dalilin ke nan da tsofaffin na'urori suke amfani da kiristal na agogo mai lambobi kamar 11.0592MHz ko 1.8432MHz, waɗanda suke rabuwa daidai ba saura. A 2400 da ESP32, wannan ba zai dame ka ba.

A ɓangaren manhaja, kada ka yi amfani da hanyar sadarwa ta farko ta ESP32, domin ita ce take jone da USB, ta nan ake ɗora masa shiri kuma ta nan yake fitar da bayanan tashinsa a 115200. Yana da hanyoyi uku, ka ɗauki ta ƙarshe, wadda a allunan ESP32 samfurin WROOM aka saba sa ta a ƙafar GPIO16 don karɓa da GPIO17 don aikawa, ka buɗe ta da Serial2.begin(2400, SERIAL_8N1, 16, 17). Kafin ka kai ga inbata, ka yi gwajin madauki: ka haɗa ƙafa ta 14 da ta 13 na MAX3232 da guntun waya, ka aika harafi, ka ga ko ya dawo maka. Idan ya dawo, ESP32 da IC ɗin da saitinka duk lafiyarsu ƙalau, abin da ya rage yana wajen inbata ko wayarta. Idan bai dawo ba, ka cire MAX3232 ka haɗa GPIO16 da GPIO17 kai tsaye. Rashin dawowa a nan yana nuna cewa haɗin farko ya riga ya lalata ƙafar, sai ka koma wasu ƙafafun, tunda ESP32 yana ba da damar sauya su. Harafin da na fi so a wannan gwaji shi ne babban U, domin lambarsa 0x55 ce, wato 01010101, 1 da 0 suna bin juna, kuma duk mai osiloskop, na'urar da ke zana siffar sigina a allo, zai ga faɗin bit ɗaya ƙarara ya lissafa saurin da kansa.

Da sauran mataki ɗaya, wanda idan ba a yi shi daidai ba shirun zai ci gaba duk da cewa komai na ƙasa ya gyaru, wato yaren da inbatar take ji. Saitin 2400 da 8N1 da ka ambata shi ne na inbatocin da kamfanin Voltronic Power na Taiwan yake ƙerawa, waɗanda ake sayarwa da sunaye iri-iri. Idan taka daga wannan gida take, umarnin da ke tambayar halin da take ciki shi ne QPIGS, kuma ba a aika shi tsirara. Ana bin sa da bait biyu (kowane bait bit 8 ne) na tantancewa, CRC, sannan alamar ƙarshen layi, CR. Abin da zai bi waya bait takwas ne: 0x51, 0x50, 0x49, 0x47, 0x53, 0xB7, 0xA9, 0x0D. Ka jera su ka aika da Serial2.write, kada ka yi amfani da println, domin shi yana ƙara CR da LF (alamar sabon layi) nasa. Amsar tana farawa da alamar buɗe baka, sai lambobi da fili a tsakaninsu, na farko ƙarfin wutar layi, na biyu yawan juyawarta a daƙiƙa, har a zo kan ƙarfin batir da kake nema. Idan ka ga NAK, wato amsar ƙin karɓa, ta dawo, wannan albishir ne, domin yana nufin inbata ta ji ka kuma ka ji ta, umarnin ne ko CRC ɗinsa ba ta karɓa ba. Amsar QPIGS takan haura bait 100, wato a haruffa 240 a daƙiƙa tana cin kusan rabin daƙiƙa kafin ta gama shigowa, saboda haka shirinka ya jira har ya ga CR kafin ya fara rarraba lambobin, kuma kada ka jefa mata sabuwar tambaya ba ta gama amsa ta farko ba. ESP32 yana da ma'ajiyar karɓa ta bait 256, ta ishe ka. Ta Uno kuwa 64 ce, mai aiki da shi dole ya riƙa kwashewa tun amsar tana shigowa. Idan manhajar gwajin da ke kwamfutarka, irin su PuTTY ko RealTerm, ta tambaye ka batun sarrafa kwarara da RTS da CTS, wato layukan neman izinin aikawa da ba da shi, ka kashe shi, domin haɗin waya uku ba shi da waɗannan layuka, kuma idan a kunne yake kwamfutar tana iya zama tana jiran izinin da ba zai zo ba.

Ka lura kuma da soket ɗin da ke maƙwabtaka da wannan, wanda akan rubuta RS-485 ko BMS (na'urar kula da batir) a jikinsa don batirin litiyom. Kamanninsu ɗaya, amma shi bambancin wuta tsakanin wayoyi biyu, A da B, yake karantawa, yana buƙatar nasa IC ɗin dabam, MAX3232 ba zai yi masa aiki ba. Amfaninsa zai zo maka ne idan ɗakin batir yana nesa da inda kake son ajiye ESP32, domin RS-232 an tsara shi ne don nisan da bai wuce kimanin mita 15 ba, RS-485 kuwa yana kai wa mita 1200 a ƙaramin sauri idan an sa resista na 120Ω a kowane ƙarshen layin. A naka aikin, shawarata ita ce ka ajiye ESP32 kusa da inbata, wayar sadarwa ta zama gajera kuma nesa da manyan wayoyin batir da na fanel, Wi-Fi ya ɗauki sauran nisan. Lokacin gwaji kuma, idan ESP32 yana jone da laftof ta USB, ka zare cajar laftof ɗin ta yi aiki da batirinta, domin ba kowace inbata ce ta keɓe GND na sadarwarta daga sauran jikinta ba, kuma wutar da za ta zagayo ta nan tana iya lalata soket ɗin USB.

Idan ka bi waɗannan matakai har yanzu shiru, ka rubuto mini abin da mita ta nuna a kan kowace ƙafa ta soket ɗin inbata, da abin da ta nuna a ƙafa ta 2 da ta 6 na MAX3232, da sakamakon gwajin madauki, tare da sunan samfurin inbatar kamar yadda yake a takardar da ke manne a gefenta. Da waɗannan zan iya gaya maka ko wayar ce, ko IC ɗin, ko kuwa inbatarka wani yare take ji dabam, kamar Modbus, wanda shi ma da nasa tsarin tambayar. Allah ya ba da sa'a.